Abin da Lalle Ya Rufe

Kafin ta ajiye jaka, kafin ma ta gaida Anti Rachel yadda ya kamata, Fauziyya ta wuce ƙuryar ɗakin gwajin inda kabad ɗinta yake. Ta yi bisimilla ta buɗe. Farantan suna nan jere yadda ta bar su jiya, ƙanana masu murfi, kowanne da abinci a ciki mai kama da kokon da ya daskare. A kan kusan dukkansu funfuna ta tsiro, wata fara sol kamar auduga, wata da ɗan rawaya a ƙasa. Ba su ta zo gani ba. Ta zura hannu can baya ta ɗauko wanda ta ɓoye, ta ɗaga shi wajen hasken taga.

Babu komai. Fuskar farantin sumul take, sai 'yan ɓarɓashin fata jajaye da ta zuba da hannunta, suna nan kwance kamar ranar farko.

Aikin digirinta na biyu ke nan. Tana kankaro fatar masu makero, yawanci yara da masunta, ta shuka a faranti. Idan funfunar da ke kawo cutar ta tsiro, sai ta gwada magunguna a kanta, na asibiti da kuma na gida, wato dogonyaro da tafarnuwa da lalle da sauran abin da tsofaffi ke shafawa. Anti Rachel, mai ɗakin gwajin, 'yar Zuru ce da ta daɗe a Yelwa, ita ta ba ta aron benci da kabad. Duk farantan nan na mutanen da Fauziyya ba ta sani ba ne. Wannan ɗaya kuwa na yayarta ne, Maimuna, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kowa tsoron funfuna yake, ita kuwa roƙon Allah take ta tsiro. Idan ta tsiro, tabon da ke hannun Maimuna makero ne, cutar da ake sha wa magani a manta. Idan ba ta tsiro ba, akwai wata cuta da ke fara da farin tabo, wadda ba a ambatar sunanta a gidansu.

Ta ga tabon ne ranar da ta je tungarsu, can bakin ruwa gaba da Wara. Ta iske Maimuna a bakin banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Sana'ar Maimuna ke nan tun tana budurwa, da ita take riƙe da 'ya'yanta da Inna, da ita kuma aka yi wa Fauziyya ɗawainiyar makaranta. Fauziyya ba mai yawan magana ba ce, amma idonta ba ya barin abu ya wuce. Ta lura lallen yayarta bai tsaya a tafin hannu ba. Ya haura wuyan hannu, ya yi wani baƙin faci a tsakiyar sangalin hannun dama, wurin da ba macen da ke sa lalle. A gefen facin, inda lallen ya fara koɗewa, fatar ta yi haske fiye da sauran jiki.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ado na, 'yar boko. Ko shi ma sai an nemi izinin jami'a?"

"Yana ƙaiƙayi?"

"A'a."

"Zafi fa?"

"Ba ya komi. Ko tunawa ba ni yi da shi."

Fauziyya ta ƙura wa facin ido. Makero yana ƙaiƙayi, yana hana mutum sakat. Tabon da ba ya komai shi ne abin tsoro. Tana cikin wannan tunani Maimuna ta ɗaga ragar kifi daga kan wuta da hannu tsirara, ta kai ta gefe a hankali ta ajiye. Da ta saki, Fauziyya ta ga gefen yatsarta ya tashi fari, ƙarfen ya ƙone ta. Maimuna ko tsaki ba ta yi ba.

A ranar Fauziyya ta tuna Gwaggo Ladidi, ƙanwar babansu. Ita ma mai bandar kifi ce a da. Da cutar ta bayyana aka daina sayen kifinta, aka yi mata bukka bayan tunga, aka ware mata kwano da moɗa. Fauziyya tana ƙarama ita ake aika wa da tuwo, an kuma gargaɗe ta ta ajiye a ƙasa kada ta miƙa hannu da hannu. Har yau tana ganin yadda Gwaggo ke jawo kwanon da dungulmin hannayenta biyu, tana sa mata albarka.

Da ƙyar Maimuna ta yarda aka kankari wurin. Ta miƙa hannun tana kallon wani gefe, ta ce a yi sauri kada maƙwabta su leƙo. Fauziyya ta kankaro abin da ta samu ta ƙunshe a takarda. Da ta dawo Yelwa ta duba a madubin ƙara girma, ba ta ga komai ba sai jan ɓarɓashi. Ta shuka sauran, ta shiga jira. Farantan da ta shuka bayansa duk sun tsiro sun bar shi.

"Farantin wa kike ɓoye mini a bayan kabad?"

Fauziyya ta zabura. Anti Rachel na tsaye a bayanta, tabarau a goshi, kofin shayi a hannu.

"Na wata ce."

"Wata ce ta sa kika rame haka? Fauzi, na haife ki. Zauna."

Ta zauna ta faɗi komai, muryarta ƙasa-ƙasa, har da labarin Gwaggo Ladidi. Anti Rachel ta saurara ba ta katse ta ba, sannan ta ajiye kofin.

"Ki ji ni da kyau. Ko da kuturta ce..."

Fauziyya ta runtse ido.

"Buɗe idonki, suna ne kawai. Ko da ita ce, yanzu tana da magani, kyauta ake bayarwa, in an kama da wuri ko farce ba ya faɗuwa. Zamanin gwaggonku daban. Ki kawo ta a kai ta wurin masu duba fata."

"Anti, ke kin san da magani. Kasuwa ba ta sani ba. In aka ga Yaya a layin masu duba fata sau ɗaya, kafin la'asar labari ya isa Wara. Wa zai ƙara cin kifin da ta taɓa?"

Anti Rachel ta san gaskiya ce. Ta jawo aljihun tebur ta ciro ɗan guntun auduga, ta murza bakinsa ya yi tsini.

"To fara da wannan. Ta rufe ido, ki taɓa tabon, ki taɓa lafiyayyar fata, ta riƙa faɗa miki in ta ji. In wurin ya mutu ba za ta ji ba. Amma fa in ba ta ji ba, ba sauran ɓoye-ɓoye. Da kaina zan je in ɗauko ta."

Ranar kasuwar Yelwa Fauziyya ta hau kabu-kabu zuwa layin 'yan kifi, audugar tana cikin jakarta. Wuri ya cika maƙil, ƙamshin banda da ƙarnin ɗanyen kifi sun haɗu, masu dako suna ta ihun a ba su hanya. Ta hango Maimuna zaune a tsakanin kwandunanta, Ɗangana yana tsaye a kanta. Shi ne dillalin da ya fi sayen kifinta, yana ɗurawa a kwali ya tura kudu. Mutum ne mai barkwanci, amma idonsa na ciniki ne.

"A'a, ga likitarmu!" in ji shi. "Zo ki raba mu. Na ce da yayarki bikin wa ake yi da ba a gayyace ni ba? Lalle ya bar hannu yana hawa sama, in aka jima sai mu gan shi a kunne."

Matan da ke kusa suka yi dariya. Maimuna ma ta yi.

"Kai dai sayi kifi, Ɗangana. Ina ruwan tsoho da lallen mata?"

"Ni ne tsoho? Bari in gaya wa mijinki."

Ya ɗauki tarwaɗa guda ya karya ya shinshina. Fauziyya ta lura da abin da sauran ba su lura ba. Da Maimuna ta miƙo masa wata, bai karɓa daga hannunta ba, sai ya nuna kwando da haɓa ta ajiye, sannan ya ɗauka. Wata dattijuwa mai sayar da barkono a gefe ta kalli hannun, ta kalli Fauziyya, ta ce kamar da kanta take magana, "Ɗiyan gidan su Ladidi na ko? Allah ya jiƙan Ladidi." Ɗangana ya ce yau motarsa ta kusa cika, kwando ɗaya zai ɗauka, sauran sai wani mako.

Da ya tafi Fauziyya ta ja yayarta bayan tarin kwanduna, inda tabarma ta kare su.

"Rufe idonki, Yaya. In kin ji na taɓa ki, ki ce kin ji."

"Wanga kuma wane wasa na?"

"Don Allah."

Maimuna ta rufe ido. Fauziyya ta taɓa bayan hannunta da tsinin audugar.

"Na ji."

Ta taɓa tsakiyar tabon.

"Na ji."

Numfashi ya fara dawo wa Fauziyya. Sai wani abu ya ce mata ta ƙara gwadawa. Ta ɗaga audugar sama, ta riƙe ta a iska, ba ta taɓa komai ba.

"Na ji," in ji Maimuna.

Fauziyya ta tsaya da hannu a sama. Ta sake jira.

"Na ji. Nan ma na ji. Kin gama?"

Gumi yana bin gefen fuskar Maimuna. A nan Fauziyya ta gane yayarta ta san abin da ake nema, ta kuma san shi tun kafin ita ta gani. Duk wasan nan da dariya, a tsorace take. Kuma yanzu ba yadda za a yi a san wane "na ji" ne na gaskiya.

"Na gama," ta ce.

Maimuna ta buɗe ido ta gyara mayafinta ya rufe hannun. "To kin gani, lahiyata lau. Je ki ci gaba da wasa da farantanki."

Fauziyya ba ta hau kabu-kabu ba, da ƙafa ta koma, rana tana dukanta. Duk macen da ta wuce sai ta kalli yatsunta. Ta riƙa ganin Maimuna a bukkar bayan tunga, ta ga kanta tana ajiye kwano a ƙasa. Da ta isa ɗakin gwaji Anti Rachel ta ɗago kai, ta ga fuskarta, ta ce, "Ba ta ji ba?"

"Ta ji har inda ban taɓa ba."

"Yesu," in ji Anti Rachel a hankali. "To gobe mu yi magana. Yanzu je ki auna farantanki, sun isa. In kin bar su za su cika su lalace, aikinki ya tashi a banza."

Ba don tana so ba ta zauna a benci. Waɗannan farantan gwajin magani ne. A kowanne ta shimfiɗa funfuna ko'ina, sannan ta ɗora 'yan takardu zagayayyu kamar maɓallin riga, kowacce an jiƙa ta da magani daban. Inda magani ya yi aiki, funfuna ba ta iya matsowa, sai a ga fili fes ya zagaye takardar. Aikinta ta sa ma'auni ta ga faɗin filin.

Ta fara aunawa, hankalinta yana kasuwa. Maganin asibiti ya buɗe fili mai faɗi, kamar kullum. Dogonyaro ɗan siriri, da ƙyar ake ganinsa. Tafarnuwa ta fi shi. Ta zo kan takardar lalle, wadda ta rine ta yi ja. Fili ne a zagaye da ita, bai kai na asibiti ba, amma fili ne sosai, ko silin funfuna babu a ciki. Ta rubuta, ta ɗauki na gaba. Haka. Na gaba ma haka.

Ma'aunin ya tsaya a hannunta. Ta kalli jan takardar, ta kalli filin da ke kewaye da ita. Ta tashi ta buɗe kabad ta ɗauko farantin Maimuna ta ajiye su gefe da gefe. Ɓarɓashin fatar da ta shuka ja ne, irin jan takardar nan. Ba fata kawai ta shuka ba. Fata ce da ta sha lalle, shafi a kan shafi, wata da watanni.

"Anti! Anti, zo ki gani."

Anti Rachel ta sauke tabarau ta duba wannan, ta duba wancan.

"Lalle ne ya hana ta tsirowa," in ji Fauziyya, maganar tana fita da sauri. "Ko da akwai funfuna a ciki ba za ta tashi ba. Kuma tsakiyar tabon na kankara, nan ta miƙo mini, alhali a baki-baki cutar take zama. Na sani, na karanta, amma ranar hankalina ba ya jikina."

"Yana yiwuwa," in ji Anti Rachel. "Yana kuma yiwuwa babu funfunar tun asali. Farantin nan bai ce makero ne ba, Fauzi. Cewa ya yi bai sani ba."

"Amma bai ce ɗayar ba ce."

"Bai ce ba. Samo mini fatar da lalle bai taɓa ba, sai mu yi magana."

Washegari da sassafe ta shiga motar Wara, daga can ta hau jirgin da ke bi ta tungarsu. Ruwa ya ja baya, tsibirai sun fito, shanun Fulani suna kiwo a sabuwar ciyawar bakin gaɓa. Da can tana son tafiyar nan. Yau ƙarar injin ma haushi take ba ta.

Ta iske Maimuna a tsakar gida da kwanon kwaɓaɓɓen lalle a gabanta, za ta ƙara wani shafin. Inna tana gefe a kan tabarma tana gyaran warangi, 'yan ƙananan kifin nan.

"Yaya, kada ki sa."

"Ikon Allah. Daga ina kuma? Ko sallama babu?"

Fauziyya ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta juyo. Ta yi bayani yadda za ta iya, ta ce lallen ne ya ɓata gwajin, ta ce a bar shi ya koɗe har fatar ta fito, sannan ta sake kankara.

"Ya koɗe?" Maimuna ta ajiye kwanon. "In tahi kasuwa da hannu hakanan? Ba ki ga Ɗangana ba? Ba ki ji abin da tsohuwar nan ta ce ba? Da lallen ma ga yadda suka yi, ina ga sun gan shi fari?"

"To ki zauna gida har ya koɗe."

"In zauna su ce mi? Su ce ta ɓuya. Ke kina can cikin fanka, ba ki san bakin mutane ba."

"Yaya, in wani abu ne, gara a sani da wuri. Akwai magani yanzu."

"Wane abu?" Muryar Maimuna ta tashi. "Faɗi sunanshi in ji. Faɗi mana, tunda ke kika yi karatu!"

Fauziyya ta kasa. Ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan jakarta.

"Akwai wani."

Inna ce ta yi magana, ba ta ɗago daga tiren warangin ba.

"Akwai wani mi, Inna?" in ji Maimuna.

"A bayanki, ƙasan kafaɗa. Na gane shi ranar da nike shafa miki man zafi. Ban faɗi ba." Hannun Inna ya tsaya. "Ni na wanke Ladidi da ta rasu. Na ce in ban faɗi ba, ƙila Allah ya ɗauke shi."

Maimuna ta kai hannu baya tana laluba, idonta ya fito. Tabo ɗaya ana iya cewa ƙuna ce ko tsautsayi. Biyu kuwa, kowa a tungar ya san abin da ake cewa. Ta zame ta zauna a ƙasa.

Amma Fauziyya ta riga ta miƙe. "Inna, an sa masa lalle?"

"Wa zai sa? Ita ba ta san da shi ba."

Suka shiga ɗaki, Inna ta saki labule ta tsaya a bakin ƙofa. Maimuna ta zame rigarta ta juya baya. Fauziyya ta haska fitilar wayarta. Tabon bai kai tafin hannun jariri ba. Tsakiyarsa ya yi haske, amma bakinsa ya ɗan tasa, da ƙananan ƙuraje da ɓawo a jere sun yi zobe. A kusa da shi akwai sawun farce, dogaye, wasu sun warke wasu sababbi.

Fauziyya ba ta yarda da idonta ba tukuna. Ta goge wurin, ta ɗauki reza sabuwa ta kankari bakin zoben a hankali, ɓawon yana zuba fari a kan baƙar takarda. Maimuna ta ɗan noƙe.

"Da zafi?"

Da wata ƙaramar murya Maimuna ta ce, "Mi ya kamata in ce?"

"Gaskiya kawai, Yaya."

Maimuna ta jawo rigarta ta mayar.

La'asar ta yi kafin Fauziyya ta koma Yelwa. Anti Rachel ba ta rufe ba, tana jiranta. Fauziyya ta ɗora ɗan ɓawon a gilashi, ta ɗiga ruwan da ke narkar da fata, ta ɗan gasa, ta jira. Da ta sa ido a madubin, komai ya yi dishi-dishi. Ta juya maɓallin saiti, ta juya. Sai ga su. Zare-zaren funfuna, sirara masu rassa, sun ratsa ɓawon kamar saiwar ciyawa a cikin laka.

"Anti, duba mini. Ina tsoron ko ni ce nake son in gani."

Anti Rachel ta duba ta daɗe. "Ga su nan kamar taliya," ta ce. "Shuka sauran."

Jiran na biyu bai fi na farko sauƙi ba. Kowace safiya takan ɗaga farantin wajen taga. Ranar da ta ga ɗan farin ɗigo a gefen ɓawon, ƙarami kamar ƙwayar gero, ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da mayafi, Anti Rachel ta bar ta ta yi kukanta. Ɗigon ya girma ya zama auduga. Ta ɗebe shi ta shimfiɗa a sabon faranti ta jera takardun magani. Funfunar Maimuna ta yi abin da sauran suka yi. Ta guji maganin asibiti da nisa, ta ɗan ja baya daga lalle, ta kusa haɗiye dogonyaro.

Duk da haka Anti Rachel ba ta sassauta ba. Ta ce tabon baya sun san shi, na hannu ba su san shi ba, kuma mutum yana iya ɗaukar cuta biyu. Ta kira wata ma'aikaciyar jinya da ta sani, mai duba fata, ta roƙe ta ta zo ɗakin gwajin ranar kasuwa, inda ba wanda zai ga Maimuna a layi.

Maimuna ta zo a ɗarare, ta zauna a bakin kujera. Fauziyya ta ajiye farantin a gabanta, a rufe, an naɗe bakinsa.

"Wannan daga bayanki ya fito. Makero ne."

"Makero? Na yara?"

"Shi. Kin ga wannan filin? Maganin asibiti ne. Wannan ƙaramin kuma lallenki ne. Yana taɓa cutar, ya kwantar da ita, ya ɓata mata kama, amma bai isa ya kashe ta a jiki ba. Shi ya sa na hannu ya daina kama da makero."

Maimuna ta daɗe tana kallon farin abin. Sannan ta ce, "To makero yana ƙaiƙayi?"

"Sosai."

"Wayyo Allah!" Ta cusa hannu cikin mayafi ta shiga susar sangalin hannunta da ƙarfi, ido a rufe. "Wata nawa ina danne shi! In ya taso a kasuwa sai in ciji leɓe. Na zaci in na ce yana ƙaiƙayi shi ke nan ta tabbata."

"Da kin faɗa tun ranar farko, da na yi barci."

"Ni na san haka? Ke ma ba ki ce mini wanda ake so ba."

"Yatsarki fa, ranar da raga ta ƙone ki? Ko uffan ba ki ce ba."

Maimuna ta dube ta kamar ta ga mahaukaciya. "In saki ragar kifi a wuta don yatsa? Har cikin kaina na ji shi. Kwana na yi da hannu a ruwa."

Ma'aikaciyar jinyar ta yi nata gwajin da auduga da tsinin biro, ta lalubi jijiyar gwiwar hannu. Wannan karon Maimuna ta yi shiru inda ba a taɓa ba, ta amsa inda aka taɓa, har a tsakiyar tabon. Matar ta ce ba ta ga alamar komai ba sai makero, ta rubuta magani na sha da na shafawa, ta ce a dawo in an gama a sake dubawa. Ta ƙara da cewa a bar lalle.

Nan fuskar Maimuna ta sake canzawa. Barin lalle yana nufin makonni na zuwa kasuwa da tabo a fili.

Fauziyya ta raka ta kasuwa ranar da lallen ya gama koɗewa. Maimuna ta zauna cikin kwandunanta, ta naɗe mayafin ta ɗora a kafaɗa. Tabon ya fito, maganin ya fara cin bakinsa amma ana ganinsa sarai. Mai barkono ta kalla ta kau da kai. Ɗangana ya iso da raha a bakinsa, idonsa ya sauka a hannun, rahar ta tsaya.

Maimuna ta ɗaga hannun saitin fuskarsa ta soshe shi, ƙarar farce har Fauziyya tana ji.

"Makero na, Ɗangana. Ƙanwata ta shuka shi a faranti ya tsiro, ga hotonshi nan a wayarta in kana son gani. Kada ka matso, ina jin daga wurinka na ɗauka."

Ɗangana ya kalli Fauziyya. Ita da ba ta iya haɗa ido da maza, ta daure ta dube shi, ta miƙa masa wayar. Ya kalli farin abin da ke cikin hoton, ya kalli hannun, ya sake kallon hoton.

"Makero," ya ce. "Da girmanki? Jikana ma ya yi shi bara ya warke."

Wata daga cikin matan ta yi dariya, wata ta bi. Mai barkono ba ta yi ba, ta ci gaba da aunawa. Maimuna ta zaɓi tarwaɗa mafi girma ta miƙa masa da hannun daman, ba ta ajiye a kwando ba.

Ɗangana ya ɗan tsaya. Sannan ya karɓa, ya karya, ya jefa tsoka a baki.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce yana tauna. "Kwando nawa kika kawo?"